Mun Tafi da Karnuka Biyu, Mun Dawo da Bakwai

Bande

Ana kiran assalatu muka ɗaura sa a amalanke. Ni Zuwaira, matar Idi maƙeri ta Bande, har na aurar da 'ya'ya uku ban taɓa wuce Magarya ba sai bazarar bana. Kowace shekara in zafi ya kama, Maigida yakan bi ƙauyuka yana gyara wa manoma hauya da sungumi kafin ruwa ya sauka. Ɗanmu Sani ne mai yi masa zuga, to bana ya tafi Agadas neman aiki. Maigida ya nemi wanda zai riƙe zuga-zugi ya rasa. Na ce ni zan riƙe. Ya yi dariya, ya dubi fuskata ya ga ba wasa nake ba, sai ya ce in haɗa kayana.

Sharaɗina ɗaya ne, da karnukana za a tafi. Duna baƙi ne, ga ci ga barci. Ƙyalesu kuwa ja ce siririya, da kunu na raine ta tun ranar da babbar motar kamyo ta take uwarta a bakin kwalta. Surukata tsoron kare take, ba wanda zan bar wa su.

Amalanke uku ne ayarin namu. A gaba Baba Laminu, madugunmu, mai sayar da igiya da tabarmin kaba. A tsakiya Hajara, wadda mijinta ya rasu bara, da jakinta da tukwanenta. Mu a baya, da uwar maƙera da buhunan gawayi. Da Baba Laminu ya haska fitila ya ga karnuka, sai ya tsaya.

"Idi, ayarin fatake ne wannan ko na mafarauta?"

"Baba, tambayi mai zuga," in ji Maigida.

Na ce, "Ba za su taɓa tabarmarka ba, Baba. Kaskon ruwansu ma daban na ɗauko."

Ya yi tsaki, ya kaɗa sansa, muka kama hanya. A bakin lambunan gari wani mai rake ya miƙo mini kara biyu ya ce guzuri ne. Ina sha ina waiwayen Bande har itatuwa suka rufe ta.

Magarya

Mun yada zango sau da yawa a ƙauyukan hanya kafin mu shiga Magarya. A nan na koyi aikina. Ranar farko kafaɗuna suka ƙage, wuta tana tashi tana mutuwa, Maigida yana cewa, "Zuwai, ba daka kike ba, a hankali." Mata kan zo su tsaya su yi ta kallon mace a bakin maƙera. Wata ta tambaye ni ko ban da 'ya'ya maza ne. Na ce ina da su, hannu ma ina da shi. Kafin mako ya zagayo na iya, har ina zuga ina hira.

A mashigar Magarya akwai shingen jandarma. Wani saurayi cikinsu ya duba katin kowa, ya leƙa buhun gawayi, sa'an nan ya ga Duna kwance a kan kaya ya miƙe ƙafafu kamar mai gari.

"Inna, wannan fasinjan fa, ina katinsa?"

"Ɗana, a gida ya manta. Amma ni ce shaidarsa, ɗan Bande ne uwa da uba."

Suka fashe da dariya, suka ɗage mana igiya.

Wani abokin Maigida ya sauke mu, amma ya ce kare ba ya shiga gidansa. Ban ji haushi ba, gidansa ne. Muka shimfiɗa a gindin tsamiyar ƙofar gida, kuma tun daga ranar muka daina neman ɗaki, sai inuwa. Matar abokin ta aiko mana da dambu da zogale, har da ƙanzo a kwano daban ta ce na karnuka ne. Na sayi kilishi na dala arba'in a bakin tasha don in ɗanɗana abin da ake ta yabo. Rabi na ci, rabi Duna ya sace.

Dungas

Hanyar Dungas yashi ce. Da hantsi ƙasa kan yi zafi har karnuka su riƙa ɗaga ƙafa, sai su shige ƙarƙashin amalanke suna tafiya cikin inuwarta, takunsu daidai da na sa. In mun iso rijiya ko famfo sai in cika bido, jarkarmu ta ruwa, in zuba musu a kaskonsu can gefe, nesa da inda mutane ke ɗiba. Na lura in ka kiyaye wannan, ba mai ce maka komai.

A wani ƙauye kafin Dungas mun yi kwanaki a gindin wani gawo, don aiki ya yi yawa. Kowa ya fito da tsohuwar hauyarsa. Wasu su biya da kuɗi, wasu da gero ko wake, wata tsohuwa kuma ta kawo ƙwan zabi. A nan ne Baba Laminu ya fara sassautowa. Awakin gari sun gano tabarmin kabarsa, kullum sai sun zo ci, shi kuma gwiwa ba ta barinsa ya yi ta tashi. Ƙyalesu ta ɗauki aikin ba wanda ya sa ta. Ta kwanta kusa da kayansa, akuya na matsowa sai ta ɗaga kai kawai, akuyar ta juya. Da yamma na gan shi ya jefa mata loma yana kallon wani wajen.

Hajara ce ta fara lura. Muna wanke-wanke ta ce, "Yaya, karyar nan taki ba ƙiba ce ta yi ba." Na duba da kyau, na riƙe baki. Muka dubi Duna, yana barci abinsa.

A Dungas muka ci kasuwa. Tukwanen Hajara suka tafi sai wata babbar kwatarniya da kowa ya taya ya bari. Na sha furar da ban taɓa shan irinta ba, nonon har yana kama ludayi.

Mallawa

Mallawa ce iyakar tafiyarmu. Kasuwarta cike take da mutanen Najeriya, babura na shiga suna fita da buhuna. Mun daɗe a nan fiye da ko'ina, har yaran unguwa suka san sunan karnuka. Sai wata yamma hadari ya haɗu a gabas, iska ta kawo ƙamshin ƙasa. Bai zubo ba, amma Baba Laminu ya ce gobe da sassafe a juya, kowa na da gona tana jiransa.

Da safe muka ɗaure kaya. Duna ya hau wurinsa. Ƙyalesu babu.

Na kira, na zaga bayan kasuwa, na leƙa wajen mahauta. Shiru. Rana ta fito, ta ɗaga. Baba Laminu ya zo ya same ni.

"Zuwaira, ni ma ina son karyar nan, Allah ya sani. Amma in ruwan shuka ya sauka muna nan, shekara guda muka yi asara. Ba a tsayar da ayari don kare."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa maganar ta yi mini ciwo. Na ce su tafi, ni zan biyo su a kabu-kabu in na gan ta. Maigida ya kwance sa daga amalanke ya ɗaure shi a gindin itace.

"Baba, a ba mu zuwa azahar. In ba a gan ta ba, ni da kaina zan ɗora Zuwai a kan kaya."

Madugu ya dubi gabas, ya dube mu, ya ce, "Azahar."

Ni da Hajara muka nufi rijiya, don ba abin da ke faruwa a gari matan rijiya ba su sani ba. Wata mai jan guga ta ce ba ta ga jar karya ba, amma ta ji an ce mahaukacin kare ya shiga ƙarƙashin rumbun Inna Jabu a rugar bayan gari, maza sun tafi da sanduna. Ban san sa'ad da na yar da mayafina ba. Hajara ce ta tsinto shi tana bina da gudu.

Na tarar da maza sun kewaye rumbu, wani da sanda, wani da dutse a hannu. Daga ƙarƙashi ana jin gurnani. A gaban rumbun wata tsohuwar Bafulatana ce tsaye, 'yar ƙarama, ta tokare sandarta a ƙasa. Ita ce Inna Jabu. Tana ce musu, "Rumbuna ne. Ba mai jifa sai na ga abin da ke ciki da idona."

Wani ya ce, "Inna, ya kusa cizon yaro!"

"Yaron me ya kai shi?"

Na kutsa ina haki na ce tawa ce. Suka ce in ja baya, kare in ya haukace bai san mai shi ba. Ni ma ban taɓa jin ta yi irin wannan gurnani ba. Na durƙusa nesa kaɗan, na kira ta yadda nake kiranta in na dama kunu. Gurnanin ya tsaya. Sai muka ji wutsiya na bugun ƙasa, fat, fat, fat. Ta leƙo da kai, idanunta garau, ta fito tana rangaji ta kwanta a ƙafata. Bayanta kuma wasu 'yan ƙananan muryoyi suka ɗauki kuka.

Inna Jabu ta sunkuya ta leƙa, ta ɗago tana dariya har ana ganin dasashinta.

"Ga mahaukacin karenku! Mai jego ce. Ku maza, da duwatsu kuke zuwa barka?"

Wanda ke riƙe da dutse ya saki abinsa a hankali kamar ba shi ba. 'Yan kwikwiyon biyar ne, uku baƙaƙe, ɗaya ja, ɗaya mai farin goshi. Inna Jabu ta kawo nono a tsohuwar ƙwarya ta ajiye wa uwar, ta kawo wani a sabuwa ta ba ni. Ta ce dila ya dame ta da ɗaukar 'yan awaki, in mai farin goshin ya isa yaye tana so. Na ce nata ne.

Saura yadda za a ɗauke su. Hajara ta ce, "Yaya, ashe kwatarniyar nan masu ita take jira." Ta koma ta ɗauko ta, muka shimfiɗa tsumma a ciki muka jera su. Ana kiran azahar muka iso wurin ayari, Hajara ɗauke da kwatarniya a ka, Ƙyalesu na biye tana ɗaga hanci. Baba Laminu ya leƙa ciki ya ƙare musu kallo. Can ya je amalankensa ya zaro sabuwar tabarma, ya lanƙwasa ta a kan kwatarniyar.

"Rana za ta kashe su," in ji shi. "Ku kuma ku hau, kun ɓata mini rabin yini."

Dogo-Dogo

Ta Dogo-Dogo muka biyo a dawowa. Yanzu Ƙyalesu ce a kan kaya, Duna a ƙasa, abin da bai yi masa daɗi ba ko kaɗan. Duk inda muka tsaya sai mutane su zo sayen tukunya, Hajara ta buɗe tabarma, su yi baya da salati, sa'an nan su dawo kallo. Wani mai babur ya bi mu har wajen gari yana roƙon a sayar masa da ja. Na ce ko idonsa bai buɗe ba tukuna.

A Dogo-Dogo aka yi yayyafi na farko, bai isa shuka ba, amma ya sa kowa ya rugo maƙera da sunguminsa. Muka yi aiki tun safe har la'asar ba hutawa. Matar mai unguwa ta aiko mana da tuwon dawa da miyar kuka, ta ce ba ta taɓa ganin mace mai zuga ba, a gaishe ni. Gawayinmu ya ƙare a garin, aikin bana ya ƙare ke nan.

Kwanaki kaɗan bayan mun bar garin, muna hutun rana, Baba Laminu ya ƙwala mini kira kamar wuta ta kama. Na zo da gudu. Yana tsugune gaban kwatarniya.

"Zuwaira, wannan baƙin ya buɗe ido. Ni ya fara gani."

"To Baba, ai ya zama naka."

"Ni me zan yi da kare?" in ji shi. Ya sake leƙa kwatarniyar. "Kada dai ki ba kowa shi."

Gida

Ruwan shuka ya same mu tsakanin Magarya da Bande. Ba wurin fakewa, kuma ba wanda ya nema. Hajara ta ɗaga hannu sama tana guɗa, Maigida ya cire hula ya bar ruwa na dukan kansa, Duna na ta zagaye amalanke yana haushin sama. Ni na rungume kwatarniya da tabarma a kai, ina jin ɗuminsu a cikina.

Mun shiga Bande da la'asar, jiƙe sharkaf. Surukata ta fito tarye da murna, ta karɓi kwatarniya a zatonta tsaraba ce. Da ta buɗe ta yi ƙara, amma ba ta saki ba. Washegari da sassafe muna gona, Maigida na sara ina binsa da iri.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, mu da dabbobinmu. Na gode wa Baba Laminu da ya ba ni zuwa azahar, da Hajara da ta ƙi karɓar kuɗin kwatarniyarta, da duk matar da ta aiko mana da kwano a gindin itace ba ta san mu ba. Inna Jabu kuwa godiyarta ba ta baki ba ce. Mai farin goshi ya fara lasar kunu, jiya har ya yi wa zakara haushi. Maigida ya ce da an gama noman farko zai kai mata shi. Na ce masa bai san rugar ba, sai da ni.