Walimar Inna a Safana: Ni Na Shirya, Auta Ta Kwashe Albarka

Ana sallame asuba muka bar Katsina, ni da maigidana da yara, da wani kek da na rungume a cinya kamar jinjiri. Shirin shi ne mu ɗauki Inna a Wagini, mu wuce Safana inda autarmu take aure, a yi wa tsohuwa walimar zagayowar ranar haihuwa. Ita ba ta ma san ranar ba, an dai ce mata ana yankan gero aka haife ta. Wadda ke jikin katinta na ɗan ƙasa na ɗauka.

Ni ce 'yar fari, kuma kun san tsofaffinmu: ba a kiran sunan ɗan fari, ba a yabonsa. Auta kuwa sunanta ya fi sallama yawa a gidanmu. Burina ko sau ɗaya in yi abin da zai sa Inna ta buɗe baki ta sa mini albarka a gaban kowa.

Hanya ba laifi har Batsari, sai dai shingayen jami'an tsaro. Kaka ta yi kyau, ko'ina dammunan gero a kan jakuna da babura. Wake ya yi araha, har maigidana ya tsaya ciniki ina harararsa. Duk wanda muka gaisa da shi, bayan ya gama tambayar gida da iyali sai ya ce kada mu bari magariba ta same mu a hanya. Dalilin da ya sa cin abincin daren da na shirya ya koma na bayan azahar ke nan.

Tun satin da ya wuce na kira wani sabon gidan abinci a Safana, na ce a ware mana ɗan ɗakin ciki mai labule don mata, saboda Inna ba ta cin abinci a gaban surukai. Aka ce an gama. Muna isa da Inna da su auta muka tarar an zuba wasu masu taro a ciki.

"Hajiya, ai sun riga ku zuwa," in ji manajan, ko a jikinsa.

Aka jera mu a dogon tebur ɗaya tsakiyar fili, Inna na fuskantar mijina da mijin auta. Ta ja mayafi ta sunkuyar da kai. Da na natsu, da na ce mazan su koma waje. Ina, hankalina na can wajen faɗa da manaja.

Muka yi ta zama, farantai suna wuce mu zuwa ɗakin ciki, yara na bin su da ido. Da namu ya iso, dafa-dukar ta yi sanyi, kaji wai sun ƙare, zoɓon kuwa ɗumi kamar ruwan wankan jego. Na nemi wuƙar yanka kek, aka kawo mini wadda aka gama yanka albasa da ita. Inna ko cokali ba ta taɓa ba.

Can sai auta ta miƙe. "Inna, taso ki yi alwala."

Da na ga shiru na bi bayansu. A gindin darbejiya na same su, bayan gidan abincin. Auta ta shimfiɗa ɗankwalinta, ta fito da kula cike da dambun zogale da gorar fura. Ashe tun daga gida ta yi shirinta. Inna ta miƙe ƙafa tana ci da hannu, tana dariya har da kama haɓa. Ta kira sunan auta, ta ce, "Allah shi yi maki albarka. Ke ce kika san cikina."

Na tsaya daga nesa ina kallonsu. Ni na kwana ina lissafin hanya, ni na yi rigima da manaja, ni na sha rungumar kek tun daga Katsina, amma dambu ya kwashe komai. Kishin ƙanwata na ji, tsagwaronsa, ga ni da 'ya'yana sun fara girma. Na juya kafin su gan ni, na koma na zauna gaban shinkafar sanyi.

Ana la'asar muka yi sallama. Inna ta ce za ta kwana biyu wajen auta, dama me za ta ce. Ba mu tsaya ko'ina ba sai Batsari, inda aka saya wa yara tsire, don su ma da yunwa suka tashi. Muka shiga Katsina ana kiran magariba, alhamdulillahi.

Tafiyar nan ta koya mini in riƙa zuwa da kaina in ga wuri kafin in yarda da alkawarin waya. Ta kuma nuna mini auta ta fi ni sanin tsohuwar nan, wanda shi ne ya fi ci mini rai. Muna sauke kaya auta ta kira ta ji yadda muka iso. Na zuba wa wayar ido har ta katse, sannan na miƙa wa maigidana na ce in ta sake kira ya ɗauka.