Rariya da Jan Biro

Shekara talatin da ɗaya Baba Rariya ya yi yana tankaɗe ƙasa a ɗakin gwaji na ma'aikatar gona. Ba shi ne mai farar riga da ke sa hannu a takarda ba. Shi ne wanda ake miƙa wa leda cike da ƙasar gonar wani, ya shanya ta a faranti, ya daka, ya tankaɗe, ya auna, ya wanke kwalabe. Masu digiri suka zo suka wuce, wasu ma shi ya koya wa riƙon rariyar kafin su zama ogoginsa. Sunansa na yanka kuwa ko mai gadin ma'aikatar bai sani ba. Rariya aka sani, Rariya ya bi shi har gida.

Da ya yi ritaya sai ya zame wa gidan ciwon kai. Ya kwance famfon da ba abin da ya same shi. Ya canza wa kujeru wuri sau uku a mako guda. Babbar 'yarsa ta ga in ba a samo masa abin yi ba uwarta za ta tattara ta bar masa gidan, sai ta kawo masa tsohuwar kwamfutarta, ta nuna masa kundin sanin nan na intanet da kowa ke iya shiga ya rubuta, kowa kuma ya gyara na wani. Baba ya nemi shafin yumɓu, ya tarar da layi biyu kacal, ɗaya ma ƙarya ne. Daga ranar famfo ya huta.

Masu rubutu kan ƙasa a kundin suna da 'yar ƙungiyarsu, mutum goma sha huɗu, suna haɗuwa Asabar ɗin ƙarshen wata a saman benen ɗakin karatu. Kowace maƙala ana ba ta maki iri biyu. Na inganci ya fara daga Tsiro, sai Dashe, sai Matsakaici, sai Nagari a can ƙoli. Na muhimmanci kuma Ƙarami ne, ko Tsaka-tsaki, ko Babba. Dokarsu mai tsanani guda ce: ba ka ba wa rubutunka maki. Wanda aka kama ya buɗe asusu na biyu da wani suna don ya yabi kansa, rufe shi ake yi har abada, a kuma liƙa wa duk abin da ya rubuta alamar tuhuma.

Akwai wani mai ba da maki da ba wanda ya taɓa gani a taro, sunansa a kundin Jan Biro. Wannan mutum ya hana Baba sakat. Baba zai kwashe mako biyu yana rubuta maƙala kan rairayi, da safe ya tarar an buga mata Dashe, an kuma rubuta a ƙasa: "Jimla ta uku ta kai layi tara. Mai karatu zai suma kafin aya."

Baba ya riƙa kawo ƙarar teburin karin kumallo. "Malama, wannan Jan Biron, ko wane ne, bai taɓa taɓa ƙasa ba sai in faɗuwa ya yi. Kansa yumɓu ne da ba a gasa ba!"

Malama, matarsa, wadda ta koyar a firamare shekara ashirin da takwas, sai ta tura masa sukari ta ce shayinsa na hucewa.

Wata bakwai ya yi kan babbar maƙalarsa, ta baƙar laka, irin wadda ke kumbura in ta sha ruwa, ta tsattsage in ta bushe har ƙafar akuya ta faɗa ciki. Ya aro littattafai, ya sa madogara arba'in da biyu, ya datse jimlolinsa har suka koma kamar na mai jin haushi. Ranar wata Talata ya dawo daga tattakin safe da likita ya ɗora masa, ya buɗe kwamfuta, ya ga an ba maƙalar Nagari, muhimmanci Babba. Ba a taɓa ba kowa haka ba a ƙungiyar. Wanda ya bayar kuwa Jan Biro ne. Baba ya kira 'yarsa, ya kira tsohon direban ma'aikata, ya kira har wanda bai san mene ne intanet ba.

Murnar kwana biyu ta yi. Ranar Alhamis saƙon shugabar ƙungiya ya shigo, wata matashiyar mai harhaɗa magunguna wadda mabuɗin rufe asusu ke hannunta. Ta ce wani ɗan ƙungiya da ake kira Injiniya ya shigar da ƙorafi, an bincika, an gano Rariya da Jan Biro daga kwamfuta ɗaya suke shiga. Ya zo ranar Asabar ƙarfe goma ya yi bayani, in ba haka ba za a rufe shi.

Baba ya karanta sau uku. Ya dubi kwamfutar kamar ita za ta ba shi amsa. Maƙala sittin da takwas gare shi a kundin nan, duk za a yi musu tambarin maƙaryaci. To wa ke taɓa kwamfutar? Yara duk sun yi aure sun tafi. Gidan mutum biyu ne. Ya duba lokutan da Jan Biro ke rubutu: tsakanin bakwai da takwas na safe, kullum, daidai lokacin da shi yake kan titi yana jan ƙafa saboda hawan jini.

Ya same ta a tsakar gida tana shanya.

"Malama."

"Na'am, baban yara."

"Ke ce?"

Ba ta ce wace ba. Ta matse zanen da ke hannunta, ta girgiza shi, ta rataya. "Ni ce."

"Wata takwas! Wata takwas kina zaune kina kallona ina zagin mutum, ashe mutumin ne ke miƙo mini sukari!"

"Da na ce maka jimlarka ta yi tsawo da bakina, za ka ji? Shekara talatin da biyar ina faɗa. Sai da baƙo ya rubuta ka gyara."

Ya nuna mata saƙon. Ta sa tabarau ta karanta, fuskarta ta ɗan canza, ta mayar masa.

"Sai ki zo ranar Asabar su gan ki," ya ce.

"In je in tsaya gaban mutane da kan yumɓun da ba a gasa ba? Ka je da naka gasasshen."

Juma'a gaba ɗaya ya yi ta lallashi. Ya wanke mata kwanuka, abin da rabonsa da yi tun haihuwar autarsu. Ta ce an gode, ta sake wanke su. Asabar da safe ya sa rigarsa mai aljihu biyu ya tsaya bakin ƙofa yana gyaran murya. Ta ce tana da guga.

Ɗakin taron dogon tebur ne guda da kujerun roba, sai fanka mai kukan da ya fi iskarta yawa. Mutum goma sha ɗaya suka zo, rabon da a cika haka tun ranar da aka raba riguna kyauta. Shugaba ta buɗe kwamfutarta, kuma daga inda Baba ya zauna yana hango shafin rufe asusu a buɗe, an riga an rubuta Rariya a akwatin. Dannawa ɗaya ta rage.

Injiniya, mai aikin hanya, wanda maƙalarsa ta zaizayar ƙasa ta shekara tana zaune a Matsakaici, ya jingina da kujera yana kaɗa mabuɗin mota.

"Baba, muna jin ka," in ji Shugaba.

Baba ya miƙe. Ya shirya jawabi mai sassa huɗu a hanya, amma abin da ya fito shi ne, "Matata ce."

Wani ya tuntsire da dariya, ya mayar da ita tari.

"Ai kullum haka ne," in ji Injiniya. "Duk wanda aka kama, ko matarsa ce ko ƙaninsa. Bara wani ya ce mana kyanwarsa ce ta taka madannai. Baba, da girmanka? Wata takwas kana zagin kanka da kanka don mu yarda ba kai ba ne, sannan ka ɗora wa kanka kambi. Wallahi na sara maka, dabara ce."

"Ɗana, ni ban taɓa ƙara ko giram ɗaya a kan awo ba."

"Wannan ba awo ba ne, Baba."

Shugaba ta dubi agogo. "Baba, ina ganin girmanka, amma abin da na'ura ta nuna shi ne a gabana. Tana ina?"

"Tana guga."

Wannan karon ba wanda ya ɓoye dariyarsa. Shugaba ba ta yi ba. Ta ce za ta jira zuwa goma da rabi. Aka zauna. Fanka na kuka. Baba ya kira wayar Malama sau biyu, tana ta ringin ba a ɗauka. Gumi ya jiƙa masa aljihu biyun duka. Goma da rabi ta yi, ta wuce da minti huɗu, Shugaba ta jawo kwamfutar gabanta ta ce, "Ka yi haƙuri, Baba."

Sai aka ji takun mutum a matakala, a hankali, ana hutawa duk bayan taki uku. Malama ta shigo tana haki, jaka a hammata.

"Wanda ya sa taro a saman bene bai da uwa mai ciwon gwiwa," ta ce. "Wace ce shugabar? Ke ce, 'yata? Ni ce Jan Biro."

Injiniya ya gyara zama. "Sannu da zuwa, Mama. Amma kowa na iya zuwa da matarsa. Ko lambar sirrin ta shigar, shi ya gaya mata a gida."

Shugaba ta juya kwamfutar wajen Malama. "Mama, ga maƙala. Ki auna ta yanzu, da baki, muna ji."

Ta zaizayar ƙasa ce, ta Injiniya. Malama ta sa tabarau, ta bi ta da yatsa kamar mai duba littafin ɗan aji uku. Minti biyar ba wanda ya motsa.

"Muhimmanci Babba, wannan ba gardama, zaizaya na cin gonaki. Inganci kuwa, Matsakaicin ma alfarma aka yi. Madogara ta shida da ta tara littafi ɗaya ne aka canza wa suna. Sashen magani duk maganar kwalbati ce, ba a ambaci ciyawa ko bishiya ba, sai ka ce manomi da tirela yake kwana. Wannan jimlar kuma ba ta da aya, har yanzu tafiya take. Wa ya rubuta?"

Injiniya ya daina kaɗa mabuɗi.

"Ita ce," wani ya faɗa daga ƙarshen tebur. "Wallahi ita ce. Haka ta yi mini."

Baba ya fara sakin numfashi, amma Shugaba ba ta rufe shafin ba.

"Saura tambaya ɗaya, Mama. In ku biyu kuka haɗa baki, hukuncin ɗaya ne. Da kika ba maƙalar Baba Nagari, akwai abin da kika gani kika kawar da kai saboda mijinki ne?"

Baba ya dube ta. Ita ba ta dube shi ba. Ta cire tabarau ta ninke.

"Akwai. Sakin layi na biyar."

Ya san shi ba sai an buɗe ba. Nan ne ya bayyana yadda ake jiƙa laka a tafin hannu, a murza ta tsakanin yatsa biyu, a gane irinta daga yadda take miƙewa da inda take karyewa, da ɗan sautin da take yi kusa da kunne. Ba daga littafi ya ɗauko ba. Daga hannunsa ne.

"Ba shi da madogara ko ɗaya," in ji Malama. "Na gani tun ranar farko. Gaskiya ne, na sha ganin yana yi. Amma dokarku ba ta ce gaskiya ba, ta ce madogara. Shi bai san ni ba ce, bai roƙe ni ba. Laifin nawa ne."

Shugaba ta yi ɗan rubutu a takarda, sannan ta faɗi hukunci. Ba za a rufe kowa ba. Daga yau 'yan gida ɗaya ba sa auna rubutun juna. An janye Nagari, maƙalar ta koma Matsakaici har wani ya sake dubawa. Sakin layi na biyar kuma, ko a kawo madogara ko a cire. Ta goge sunan Rariya daga akwatin, ta rufe shafin.

"Miƙo mini kwamfutar nan," in ji Baba.

Ya jawo kwamfutar, ya shiga da asusunsa. Ya karanta sakin layin sau ɗaya, leɓɓansa na motsi. Ya shafe shi. A akwatin dalili ya rubuta, "Ba madogara tukuna." Ya danna adanawa. Intanet ɗin ɗakin karatu ya tsaya yana juyi, yana juyi, kowa ya zuba ido, sannan shafin ya karɓa.

Baba ya jingina da kujera, ya share wuya da hankici.

"Injiniya," ya ce, ba tare da ya dube shi ba, "cikin littattafan nan naku na aikin hanya, babu inda aka yi maganar murza laka da yatsa?"

Injiniya ya daɗe yana kallon fanka. "Akwai wani kore. Sai na duba."

"Ka duba da kyau," in ji Malama. "Ka kuma rubuto lambar shafi, don zan tambaya."