Kwaɗon da Ke Kan Muryar Baba

Duk layinmu ba wanda bai san Inna Mai-Keke ba. Ɗinki take yi a ɗakin ƙofar gida, bakinta kuma ya fi almakashinta kaifi. Ni da ɗakina ke jingine da nata, na sha yanka.

Mijinta, Allah ya jiƙansa, direban bas ne mai murya. Wani ƙaramin kamfani ya taɓa ɗaukar waƙoƙinsa ya sa a intanet, ba su yi kasuwa ba. Shi da kansa ya saya a kwamfutar gida, don kada a ce ko mutum ɗaya bai taya ba. A lokacin kuwa waƙa a kulle ake sayar da ita: na'urar da ka saya da ita kaɗai ke buɗe ta. In ka kwafa a waya, sai ta yi gum.

Da ya rasu, muryarsa ta rage a cikin tsohuwar kwamfutar nan kawai. Inna ta ɗinka mata riga da ƙyallayen da suka saura, ta ɗora ta a kan teburin yanka, wanda ya taɓa kuma ya ji a jikinsa. Duk ƙarshen mako 'ya'yanta sukan cika ɗakin, har da jikoki a kan tarin yadi, ta danna, Baba ya rera. Ta bango nake ji, ni ma kewar mutumin takan kama ni.

"Ba don ni suke zuwa ba, maƙwabciya," takan ce. "Wurin ubansu suke zuwa, ni 'yar rakiya ce. Ranar da tsohuwar nan ta mutu, sai dai in yi hira da keke."

Kwamfutar kuwa ta fara tari, fankarta na gurnani. Ana cikin haka babban ɗanta ya shigo da murna.

"Inna, albishirinki! Kamfanoni sun fara cire kwaɗon da suka sa wa waƙoƙi. Har waƙoƙin Baba sun saki."

Ya kawo mai gyara, aka sauke su buɗaɗɗu, aka tura wa kowa a waya. Har ni na samu rabona. Ranar Inna ta yi kukan daɗi, ta ce yanzu ko kwamfutar ta tafi, Baba ya tsira.

Ya tsira kam. Autarta tana jin sa a wurin aiki, babban yana jin sa a mota. Makon farko suka zo. Na biyu suka bugo waya. Daga nan sai saƙo: "Inna, yanzun nan muka gama jin Baba, muna gaida ki." Ba rashin kirki ba ne, hidima ce ta yi yawa, kuma an cire musu dalilin dole. Amma ni abin ya ƙona min rai.

Har yau takan kwashe yadi daga kan kujeru duk ƙarshen mako, ta cire wa kwamfutar riga, ta bar ƙofa a buɗe.

Rannan mai gyaran ya kawo wando a rage masa tsawo. Ta auna, ta soka allura, ba ta ɗago kai ba.

"Ɗana," ta ce, "kwaɗon nan da kuka cire, ba a mayar da shi?"