Dameyas da Ƙarfen Rantsuwa

A duk tsibirin Melanda babu mai nutso kamar Dameyas, kuma babu mai taurin kai kamarsa. Soson teku yake cirowa ya sayar. Abincinsa gurasar sha'ir da zaitun, sai kifi in an dace. Gaisuwa ma sai ya ga dama yake amsawa.

Yana saurayi aka ƙulla ƙawance tsakanin Melanda da birnin Tarkos da ke tsallaken ruwa. A gabansa dattawan biranen biyu suka jefa dunƙulen ƙarfe cikin teku, suka rantse da Fosaidon, ubangijin teku: abokin gabar ɗaya abokin gabar ɗayan ne, har ranar da ƙarfen nan zai taso sama. Daga nan aka shiga auratayya. 'Yar Dameyas tilo, Filinna, a Tarkos ta yi aure, ta haifi yara uku.

Bayan shekaru masu yawa, kwatsam sai ga jakadun wani babban birni mai jiragen ruwan yaƙi barkatai. Suka ce Melanda ta ba da jiragenta a je a ci Tarkos. Dattawa suka tsorata, amma masu tuƙin jiragen suka ce ko kusa, ba za su taɓa filafili ba alhali rantsuwar tana kansu. Sai Falekos, babba a majalisa, ya kawo dabara. Kai, wasu mutane dai ba su da ta ido!

Ya sami Dameyas a bakin ruwa yana wanke soso.

"Tsoho, ai rantsuwar ba ta faɗi wanda zai taso da ƙarfen ba. Ka ciro mana shi, shi ke nan an warware."

"Ranka ya daɗe, wato Fosaidon za ku yi wa wayo?"

"Kai dai yi abin da aka sa ka."

"Jikokina fa?"

"Majalisa ba ta san da jikokinka ba."

Dameyas ya dube shi sama da ƙasa, ya ce to.

Washegari gari ya cika bakin ruwa, har da jakadu. Dameyas ya shiga kwalekwale, ya shafa mai, ya ɗaura igiya a ƙugu, ya rungumi dutsen da zai ja shi ƙasa, ya faɗa. Ya tarar da ƙarfen duk tsatsa. Kusa da wurin akwai wani rami mai zurfi da masu nutso ba sa ko leƙawa. Nan ya ja ƙarfen, ya bi shi ƙasa har inda bai taɓa kaiwa ba, don kada ya maƙale a gefe, sannan ya sake shi.

Aka jawo Dameyas da igiyar, jini na zuba ta kunnuwansa biyu. Da ya samu numfashi ya miƙe cikin kwalekwale ya ɗaga murya.

"Na same shi! Na tura shi cikin rami da hannuna. Falekos, in kana so, tuɓe ka bi shi!"

Masu tuƙi suka ɗauki filafilansu suka koma gida. Falekos ya yi ta kumfar baki, ya yanke masa hukuncin kora daga Melanda. Dameyas yana kallon bakinsa na motsi yana dariya, don ko kalma ɗaya bai ji ba. Zurfin ya fasa masa kunnuwa.

A Tarkos ya ƙarasa rayuwarsa, a gidan Filinna. Jikokin nan uku suka girma a gabansa, suna hawa wuyansa, suna ja masa gemu. Har ya mutu bai sake jin muryarsu ba, kuma bai taɓa cewa ya yi nadama ba.