Ranar da Ɗantala Ya Kulle Guruf

Shekara goma sha tara Ɗantala yana gadin wata makaranta a Dogon Dutsi, amma in ka tambaye shi sana'arsa zai ce maka shi manomi ne. Gonarsu ta gado tana Sukukutane, kuma da watan Mayu ya kama, bawan Allah ba ya iya zama. Ya leƙa gabas, ya ruga tasha ya ishi direbobi da tambaya, ya dawo ya sake leƙa gabas. Tsoronsa ɗaya ne, kada a yi ruwan shuka a gida bai ji ba, don a ƙasar yashi irin tasu kwana biyu laima ta gudu.

Shi ya sa da ƙungiyar 'yan Sukukutane mazauna Dutsi ta zauna zaɓen hanyar sanarwa, ya hana kowa sakat. Nazifi mai shago ya ce a buɗe shafin Facebook. Malama Zulaiha ta ce saƙon rubutu ya fi sauƙi. Ɗantala ya miƙe tsaye ya ce mutanen gida nawa ne ke karatu? A yi guruf na WhatsApp, kowa ya faɗi magana da bakinsa. Ya yi ta kafewa har aka gaji aka bar masa, aka ɗora masa admin a kai, wato mai riƙe da ragamar guruf ɗin.

Da kansa ya kai wa yayarsa Hasiya waya can Sukukutane, ya saka ta a guruf ɗin. Ya kama yatsanta ya ce, "Yaya, nan za ki danna, ki yi magana, ki saki. In anka yi ruwa, ki hau tudu inda rezo yake, can waya ke kamawa." Iyakar abin da ta koya ke nan.

To, ka san mutanenmu. Kafin mako biyu guruf ya cika da gaisuwa, wa'azi da hotunan biki. Rannan wani ya saka bidiyon ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ɗantala ya hau babur ɗin kabu-kabu, ya sha yashi har gida, ashe ruwan wani gari ne na bara. Ya dawo a fusace ya kulle guruf, ba mai iya aika komai sai shi. Wai na kwana biyu ne, su ji a jikinsu.

Shirun ya yi masa daɗi har ya manta wanda ya jawo shi. Kullum ya duba waya sau ashirin, ya ga ba labari, ya ce ruwa bai zo ba tukuna.

Ranar Asabar a tasha wani direba ya ce masa, "Kai ba ka tahi shuka ba? Ai tun Talata anka yi ruwa."

Ya isa gida da la'asar. Geron maƙwabta har ya tsiro. Ya durƙusa a gonarsa ya tona da hannu, yashi busasshe ya yi ta zubowa. Kunya da baƙin ciki suka rufe shi.

Hasiya na zaune a gindin gawo, ƙafafunta sun kumbura. Ta miƙa masa wayar.

"Ɗantala, sau ukku ina hawan tudun ga. Wurin da ka gwada min in danna ya ɓace. Na ɗauka ni ce na ɓata maka ita, shi ya sa ban hwaɗa ma kowa ba."