Adireshin da sabar ta ƙi bayarwa

An kwana biyu da faruwar wannan, lokacin ina sabon ma'aikaci a wani ƙaramin kamfanin kwamfuta a Garki. Wata ƙungiya mai koya wa mata sana'a ta ce mu yi mata shafin intanet da masu neman gurbi za su rubuta sunansu su ga ko an ɗauke su, aka ba ni aikin. A bayan shafin akwai sabar bincike, wato kwamfutar da ke riƙe da bayanan kowa, har lambar waya da adireshin gida. Abin da ya kamata jama'a su gani suna ne da sakamako, shi ke nan.

In ka yi bincike a shafi, wayarka na aika wa sabar 'yan umarni a wutsiyar adireshin shafin. Na san mai wayo zai iya ƙara nasa umarnin da hannu, don haka na toshe guda huɗu da na san suna da haɗari. Daga nan kaina ya kumbura. Tafiyata ma a ofis ta canza, sai ka ce ni na ƙirƙiro intanet.

Ana gobe za mu miƙa aiki, bayan la'asar, wata babbar ma'aikaciyarmu 'yar Jos da muke kira Anti ta tsaya a kaina da jaka a kafaɗa, za ta je ta kama motar Mararaba.

"Injiniya, an gama?"

"Tun jiya, Anti. Na toshe ko'ina."

"To matsa in gani."

Ko zama ba ta yi ba. Ta ƙara 'yan haruffa a ƙarshen adireshin, ta danna. Sai ga lambobin mata da kwatancen gidajensu sun cika allo, na Jikwoyi, na Karu, na Nyanya, har da mai cewa bayan gidan mai, jan get. Da ƙyar na ce, "Ai wannan umarnin ban san da shi ba."

"Shi ne matsalan," in ji ta. "Kai ka rubuta wanda ba zai shiga ba. Wanda ba ka sani ba fa? Maigadi ba ya riƙe sunan ɓarayin Abuja duka. Sunan baƙin da oga ya ce a bari yake riƙewa."

Ta ajiye jakar, ta jawo kujera. Muka sa wata 'yar manhaja tsakanin jama'a da sabar, wadda ba ta karɓar komai sai suna da lambar shafi, duk wani umarni kuma ta mayar da shi. Anti ta fi kowa sanin yadda hanyar Mararaba take cunkushewa in shida ta wuce, amma ta zauna har muka gwada ta ko'ina. Washegari oga ya yabe ni a gaban kowa, ita kuwa tana ta juya shayinta.

Gaskiya a lokacin kunya kawai nake ji, da tsoron rasa aiki. Sai bayan mako biyu, ina duba rajistar saƙonnin da manhajar ta mayar, na ga wani yana neman sunan mace ɗaya, yana ta sauya umarni don a ba shi adireshinta. Kwana uku a jere yana dawowa, ba a ba shi ba. Ban san shi ba, ban san abin da ke tsakaninsu ba. Wataƙila ɗan'uwanta ne. Wataƙila kuma wanda ta guje wa ne. Ranar ko abincin rana na kasa ci.

Tun daga nan, duk sabar da zan buɗe wa jama'a, abin da aka yarda a aiko nake fara rubutawa. Matar nan ba ta san ni ba, amma ina gode wa Allah babu wanda ya ƙwanƙwasa mata ƙofa ta dalilina. Anti ta daɗe da komawa Jos, Allah ya saka mata da alheri. Duk Kirsimeti sai na kira ta, ita tana ɗauka zumunci ne kawai.