Mi?

Shekarar da fari ya koro ƴan'uwana daga Affala suka cika mini gida a Tawa, ita ce shekarar da kunnena ya fara mutuwa. Sanƙarau ne ya taɓa ni ya wuce, ya tafi da na hagu gaba ɗaya, na dama kuma ya bar mini rabi. Ina koyarwa a lakwal, makarantar boko, kowa Mushe yake ce mini, wato malam. Malamin da ba ya ji, fitar da shi daga aji ake yi, ga bakuna goma sha ɗaya suna jiran hatsi daga hannuna. Sai na ɓoye. Ko matata ban gaya wa ba.

Da na ga daraktan makarantarmu ya fara yi mini wani irin kallo, sai dabara ta zo mini, irin dabarar da ke zuwa wa wawa. A gidan matasa akwai wani tsohon fiyano da wani bature ya bari, kuma an buɗe koyo ga kowa, yaro da babba. Na ce in aka gan ni ina koyon kiɗa, wa zai ce kurma ne ni?

Mai koyarwar tsohon soja ne, Bazabarme, wanda ya yi rayuwarsa cikin ƴan badujala. Hausarsa ba ta wuce ta cefane ba. Mu tara ne, har da wata Hajiya ungozoma, maƙwabciyata, wadda ta girmi uwata.

Ran farko ya rubuta sunayen sautuka a allo: do, re, mi, fa. Sannan ya juya mana baya, ya danna ɗaya, ya yi tambaya ta kafaɗa yana nuna ni. Ban ji abin da ya danna ba, ban ji abin da ya ce ba. Na tambaya da Hausarmu ta Tawa, na ce, "Mi?"

Ya yi tsalle ya tafa. Ashe mi ɗin ya danna. Ya sake danna biyu, ya sake magana. Na ce, "Mi hwa?" Ya ce mi da fa, daidai, lafazi kawai zan gyara. A nan take ya sanar cewa bai taɓa ganin kunne irin nawa ba.

Ni kuwa na karɓa. Sati uku ina yawo cikin gari ina fankama, har na fara ba wasu shawara. Kullum amsata mi ce, in ta kuskure sai in ce gajiya.

Ran nan muna komawa gida da Hajiya, ta zagayo ta damana, ta ɗaga murya.

"Mushe, wagga wahala ta mi ce? Tambaya ka yi, ba amsa ba. Duk mun sani."

Na ce wace magana ce wannan.

"Ɗana, Tawa duka ta san ba ka ji. Darakta shi ne ya ce ma yaran ajinka su riƙa ɗaga murya, kar sufeto ya gane. Jikata na cikinsu."

Na tsaya a bakin hanya, kunya ta rufe ni. Wata bakwai ke nan ina zane yaran nan da bulala saboda ihu a aji. Ko a safiyar ranar, na zane huɗu.